Tuwo Kaɗai Ba Ya Rainon Ɗan Makaranta: Maganar Abinci A Ƙasar Gaya Da Ajingi

Cikin watan Yuni na 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ilmi. Shekara biyar kafin haka, watau cikin 2019, gwamnatin da ta gabace ta ta riga ta shelanta cewa karatun firamare da na sakandare ya zama kyauta, kuma tilas. Duk wanda ya san halin da makarantunmu na karkara ke ciki ba zai raina gyaran ɗakunan karatu da sayen kujeru da ƙarin malamai ba. Amma akwai wata magana guda wadda ba a cika kawo ta a tarurrukan ilmi ba, alhali kuwa ita ce gindin sauran, watau abin da yaro ya ci kafin ya shigo aji da safe, da kuma abin da aka ciyar da shi tun yana goye. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mu da aikinmu ya shafi duba makarantu muna ganin lokaci ya yi da za a yi wannan magana filla-filla. Mun ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, ta zama abin misali, domin ƙasa ce ta manoma wadda ke noma mafi yawan abin da jikin yaro ke bukata.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Cikin 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi babban bincike a kan lafiyar iyali, aka auna tsawon yara da nauyinsu a kowace jiha. Aka tarar cikin yara ɗari da ba su kai shekara biyar ba, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki. A jihohin Arewa maso Yamma abin ya kai 57 cikin ɗari, Jihar Kano kuwa fiye da rabin yaranta. Binciken ya kuma nuna abin ya fi tsanani a ƙauyuka bisa ga birane. Da aka sāke irin wannan bincike tsakanin 2023 da 2024, sai aka ga lissafin ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa 40 cikin ɗari.

To, malamin da ke da yara 60 a aji ɗaya a Kademi ko Toranke, sai ya ɗauki wannan lissafi na jiha ya kai shi ajinsa. Zai ga ba mamaki 30 daga cikin waɗanda ke zaune gabansa sun shigo makaranta da raunin da aka yi musu tun ba su iya magana ba. Gajarta ita kaɗai ba abin damuwa ba ce. Abin damuwa shi ne, rashin da ya hana ƙashi tsawo shi ne ke tauye ƙwaƙwalwa a daidai lokacin da take girma. Irin wannan yaro ne mukan rubuta wa "ba ya mai da hankali" a takardar sakamako, wani lokaci har a kai shi ga bulala, ba wanda ya tambayi abin da ya karya kumallo da shi.

AIKIN ABINCI UKU NE

Likitoci sun kasa abubuwan da ke cikin abinci kashi uku bisa ga aikin da suke yi wa jiki. A kwatanta jiki da gidan da ake ginawa ana kuma zaune cikinsa. Yana bukatar itacen wuta na yau da kullum, yana bukatar tubali don ginin ya tashi, yana kuma bukatar makuba wadda za ta tsare bango daga ruwan sama.

Itacen wuta shi ne abinci mai ba da ƙarfi, watau sitacin da ke cikin gero da dawa da masara da shinkafa da rogo da dankali, sa'an nan mai, irin su man gyaɗa da manja da man shanu. Ana auna wannan ƙarfi da wani ma'auni da ake kira kalori. Giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai ga ƙananan yara, domin cikin ɗan shekara ɗaya bai fi ɗaukar ƙaramin kofi ba. In aka cika shi da koko tsararo, ruwa aka cika masa ciki da shi, sai ya ƙoshi alhali jikinsa bai sami rabin abin da yake nema ba. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko na niƙaƙƙiyar gyaɗa cikin wannan koko yakan sauya lissafin. A kuma sani ƙwaƙwalwa ita ce babbar mai cin wannan wuta. Ta babban mutum tana cin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, ta yaro ɗan shekara biyar kuwa rabonta ya ninka haka.

Tubali shi ne abin da ake kira furotin. Da shi ake gina tsoka da jini da fata, da shi jiki ke ɗinke rauni. Furotin haɗi ne na waɗansu ƙananan sinadarai iri 20, tara daga ciki jiki ba ya iya yinsu da kansa, sai dai a ci. Cikin awo ɗari na gero, wajen 11 ne furotin, na wake wajen 24, na gyaɗa wajen 25, na waken suya ya haura 35, rogo kuwa bai wuce ɗaya ko biyu ba. Ga kuma wani abin lura. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan, wanda ake kira lisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Wanda wake ya gaza a kansa, hatsi yana da shi. Saboda haka in aka haɗa su sai su cike wa juna. Kakanninmu ba su san sunan lisin ba, amma sun bar mana koko da ƙosai, da shinkafa da wake, da tubani, da kunun gyaɗa, da fura da nono, da daddawa cikin miyar tuwo. Nono da ƙwai da kifi da nama kuwa, furotin ɗinsu cikakke ne, ko kaɗan aka samu yana aiki.

Makuba kuwa ita ce bitamin da ma'adinai. Kaɗan ake bukata, wani ma ba ya cika kan allura a rana, amma in babu shi sai ginin ya zube ko da tubalin ya cika. Guda huɗu daga cikinsu sun fi shafarmu.

ƘARFE DA 'YAN'UWANSA

Gaya garin maƙera ne tun fil azal. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya tafi da ita Daura, kuma daga Gaya Abagayawa suka tashi suka zauna gindin Dala don neman tama. To, ƙarfen nan da suka nema cikin dutse, akwai irinsa cikin jinin kowane ɗan Adam. Duka-duka bai wuce giram uku ko huɗu ba a jikin babban mutum, nauyin ƙusa ƙarama ke nan, amma shi ke sa jini ya ɗauki iskar da muka shaƙa ya kai ta ga kowace gaɓa. In ya yi ƙaranci sai a ga yaro da kasala da haki da farin ido, yana gyangyaɗi tun kafin tara. Binciken 2018 ya tarar yara 68 cikin ɗari a Nijeriya suna da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kuwa 58 cikin ɗari. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu cikin wannan, amma abinci shi ne babba. Ana samun ƙarfe cikin hanta da nama da kifi, da wake da gero, da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Na cikin tsiro jiki ba ya tsotsarsa sosai sai an haɗa shi da abu mai bitamin C, kamar tumatir da lemo da gwaiba da garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa, in an sha shi tare da abinci, yakan tare ƙarfen. Tsima hatsi ya kwana, yadda ake yi wa gasara, yana sassauta abin da ke ɗaure ƙarfen cikin ƙwaya.

Na biyu bitamin A, mai tsaron ido da fata da hanyar numfashi. Alamar rashinsa ta fari ita ce dundumi, yaro ya kasa gani da magariba. In abin ya yi nisa, musamman in ƙyanda ta zo ta same shi a haka, ido yakan mutu ɗungum. Yana cikin manja da hanta da ƙwanduwar ƙwai, da mangwaro da gwanda da kabewa da karas, da duk ganye mai duhun kore. Sai da ɗan mai jiki ke iya karɓarsa, kuma zafin rana yana kashe shi, don haka kuka da zogalen da aka shanya a inuwa sun fi waɗanda aka baza a rana amfani. Tun 2002 doka ta tilasta wa masana'antu su sa wannan bitamin cikin man girki da sukari da fulawa, kuma akan sa hoton ido a jikin kayan don mai saye ya gane. Sai dai man da ake aunawa a kwalba a kasuwar ƙauye ba kullum yake bin wannan hanya ba.

Na uku aidin. Abin da mutum ke bukata nasa tun daga haihuwa har tsufa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, amma rashinsa ke kawo maƙoƙo, kuma in mai ciki ta rasa shi yakan taɓa hankalin abin da za ta haifa. Nijeriya ta tilasta sa aidin cikin gishiri a 1993, aka kuwa ci nasara ƙwarai, har dattawa za su shaida maƙoƙo ya ragu bisa ga da. Abin da ya rage ga uwargida shi ne ta sayi gishirin da ke cikin leda a rufe, ta ajiye shi inda ba laima, ba rana.

Na huɗu kalsiyam, wanda ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. A Turai in aka ga ƙafafun yaro sun lanƙwashe akan ce rashin hasken rana ne. Amma likitocin da suka yi bincike a Jos suka bayyana a 1999 cewa yaran ƙasar nan da ke da wannan ciwo, rana ba ta gaza musu ba, kalsiyam ne babu cikin abincinsu, da aka ba su kuwa suka warke. Nono da ganyen kuka da riɗi da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, duk suna da shi.

KWANA DUBU NA FARKO

Yanzu masana sun haɗu a kan cewa mafi yawan tsumburewa tana faruwa ne cikin kwana 1,000 na farko, watau daga ranar da aka ɗauki ciki har yaro ya cika shekara biyu. Abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya a mayar da shi duka daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Cikin wannan lokaci akwai ka'idodi uku. Mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta kuma sha maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo. Jariri ya sha dakashi, watau nonon farko mai kauri wanda a wurare da yawa ake matsewa a zubar bisa zaton ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko. Sa'an nan ya sha nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, domin ruwan da yake bukata yana cikin nonon, ruwan randa kuwa yakan zo da gudawa. A 2018 jarirai 29 kaɗai cikin ɗari ake shayarwa haka a ƙasar nan. Bayan wata shida a ci gaba da nono, a haɗa da kunu mai kauri wanda aka inganta. Al'adarmu ta shayarwa har kusan shekara biyu kyakkyawa ce, kada a sake ta.

Wata likita Baturiya mai suna Cicely Williams, tana aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta bayyana a 1933 wani ciwo da ke kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Mutanen wurin suna kiransa kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Mu a nan tamowa muke cewa, mun kuma san abin da kwanika ke jawowa. Alamunta su ne kumburin ƙafa da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa. Haɗarinta shi ne iyaye kan ɗauki kumburin a kan ƙiba, ko su ce kambun baka ne ko iska, sai an makara a kai asibiti.

YAYA AKA YI HAKA A ƘASAR WAKE DA GYAƊA?

Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, kuma ƙasar Kano tana cikin manyan masu nomansa. Gyaɗar da aka tara dalar Kano da ita a zamanin En'e, daga irin gonakin Gaya da Ajingi ta fito. Kuka da ɗorawa suna tsaye cikin gonaki, zogale yana bayan gida, zabi suna ƙwai da damina, Fulani suna kawo nono. To, ina gizo ke saƙa?

Na farko, abin da ya fi gina jiki shi ne ya fi kuɗi a kasuwa, don haka shi ake fara sayarwa. Da kaka manomi yana da bashin taki, ga biki, ga sutura. Sai a kai wake da gyaɗa da riɗi kasuwa lokacin da suka fi araha, a bar gero da dawa a rumbu. Daga bazara zuwa tsakiyar damina sai tuwo da miyar kuka safe da dare, in an so wake sai a saye shi da tsada.

Na biyu, wake ba ya ajiyuwa saboda ƙwari. Wannan ya sa waɗansu ke zuba masa maganin feshi mai guba, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda haka. Alhali tun 2007 aka kawo buhu mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

Na uku, rabon abinci cikin gida. Tsoka ta maigida ce da baƙo, yaro sai romo. Har yanzu akwai masu cewa in an ba yaro ƙwai zai yi sata. Ƙwai ɗaya yana da giram shida na cikakken furotin, ga bitamin A, kuma ba a taɓa samun likitan da ya ga sata cikinsa ba.

Na huɗu, cuta. Yaron da ke gudawa kowane wata, abincin da ya ci wucewa yake yi. Rijiya mai murfi da masai da wanke hannu da allurar ƙyanda, duk suna cikin maganar abinci.

Wani zai ce, "Malam, duk wannan dogon Turanci ne, talauci ne kawai." Lalle akwai gaskiya cikin wannan. Bayan janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, tsadar abinci ta hau har ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma ilmi ba ya cika rumbun da ya ƙare. Gidan da ba hatsi, taimako yake bukata, ba wa'azi ba. Amma muna ganin tsumburarrun yara har a gidajen da ke da rumbu da awaki, kuma a irin waɗannan gidaje sani da tsari su ne suka gaza.

CIYARWA A MAKARANTA

Jihar Kano ta san ciyar da 'yan firamare tun zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, daga 1999 zuwa 2003. Gwamnatin Tarayya ta fara nata shirin a 2016, ana ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro a rana, aka ƙara zuwa naira 100 a 2022. Cikin Janairu 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi don a yi bincike. A wannan shekara kuwa ƙwai ɗaya ya riga ya fi naira 100.

Ra'ayinmu a kan wannan shiri shi ne yana da amfani, kuma ya kamata a tsayar da shi da ƙafafunsa. Malamai sun shaida ranar da ake dafa abinci aji yakan cika. Amma a kiyaye abu biyu. Kuɗin da ba ya bin farashin kasuwa, ƙarshensa farar shinkafa ce cikin cokali, wadda ba ta ƙara wa yaro komai bisa ga abin da ya baro a gida. Sa'an nan yaro yana shiga aji ɗaya ne yana da shekara shida, watau shekara huɗu bayan kwana dubun nan sun wuce. Tukunyar makaranta tana maganin yunwar yau, amma ba ta iya komawa baya ta gyara abin da ya ɓaci a goye.

Akwai kuma darasi cikin maganin tamowa da ake rabawa a asibitoci, wanda ke cikin 'yar leda. Wani likita Bafaranshe, André Briend, shi da abokan aikinsa suka haɗa shi a 1996, ya kuma yi suna a yunwar 2005 a Maraɗi, inda aka warkar da dubban yara suna gidajen iyayensu. Me ke cikinsa? Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai, da ƙarin bitamin da ma'adinai. Leda ɗaya tana da kalori 500. Magani ne na gaske, yaron da ya kai ga tamowa shi ya kamata a ba shi, kuma laifi ne babba a sayar da shi a kasuwa. Amma yawancin kuɗinsa daga ƙasashen waje yake zuwa. Da aka rage irin wannan taimako a 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gyaɗar da za ta dawo mana cikin leda bayan yaro ya kwanta, gara a ba shi ita cikin kunu tun yana tsaye.

ABIN DA KE WUYANMU

Ga malaman makaranta, muna ba da shawara huɗu. Kowace makaranta mai fili ta yi lambu, a dasa zogale a jikin shinge, a shuka wake da kabewa da alayyafo da damina, yara su ci abin da suka noma. Darasin kiwon lafiya a yi shi da kayan kasuwar garin, yaro ya kawo tafin wake da ganyen kuka ya faɗi aikin kowanne, maimakon haddar sunayen abincin da bai taɓa gani ba. Malami ya riƙa duban idon yara da tafin hannunsu, wanda ya ga alamar ƙarancin jini ko dundumi ya sanar da iyayensa. Sa'an nan a riƙe 'yan mata a makaranta, domin yarinyar da ke aji shida yau ita ce za ta riƙe kwana dubun wani nan da 'yan shekaru, kuma bincike ya nuna 'ya'yan matan da suka yi karatu sun fi tsira daga tsumburewa.

A taron iyaye da malamai a koya wa mutane garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: awo shida na gero ko dawa, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a niƙa tare, a dama da kauri. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna a zubar, domin tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta. An gano wannan dafi ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna.

Ga akawuna da sauran ma'aikatan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, ku ne ke rubuta kasafi, ku ne ke riƙe da rajista. Ku tabbata makon lafiyar mata da yara, wanda ake ɗiga bitamin A da ba da maganin tsutsar ciki sau biyu a shekara, ya kai ƙauyukan da ke nesa da titi da rugagen Fulani. Ku nemi a ba unguwar zoma da matan unguwa zaren awon damtse, wanda ko wadda ba ta yi karatu ba za ta iya aiki da shi: yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, in kaurin damtsensa bai kai santimita 11 da rabi ba, zaren zai nuna ja, a kai shi asibiti ran nan. In kuma an tashi sayen abincin makaranta, a sayi wake da gyaɗa daga manoman wurin tun da kaka, a ajiye cikin buhun nan mai leda.

Dokar da aka yi cikin Yuli 2024 ta sa Gaya da Ajingi da Albasu ƙarƙashin Masarautar Gaya. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su sa baki, domin maganarsu tana shiga inda tamu ba ta kai. Abin da za su faɗa wa magidanta kaɗan ne: in kaka ta yi, kafin a ɗora wa jaki ko a-kori-kura kaya zuwa kasuwa, a ware buhun wake ɗaya da na gyaɗa ɗaya a ce wannan na yara ne da masu ciki da masu jego, ba mai taɓa shi. Gwamnati tana iya gina aji cikin wata uku, amma yaron da zai zauna cikinsa shekara shida ake yi ana gina shi, kuma a gida ake wannan gini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon ciyar da 'ya'yanmu daga cikinta.